Dubu Goma da Bakwai

Ba zan taɓa mantawa da gasar lissafin nan ta makarantar 'yan mata da ke hanyar Bunkure ba, ranar da bakina ya kusa kayar da 'yata ta fari (sunanta dai ba zai fito daga bakina ba, kun san al'ada).

Ni ba mai fita ba ce, karatuna ma a aji uku ya tsaya. Amma a unguwarmu a Kura, in dai rabo ne, ni ake aiko wa. Naman suna, goron biki, tumatirin da aka tsinko daga gonar rani, duk ni ke kasawa, ba a taɓa tashi da rigima ba. In ɗaya ya yi saura, na mai rabo ne.

To, ranar gasar saura su biyu, 'yar tawa da wata 'yar Kadawa, wadda ta ci ita za ta je zagayen ƙarshe a Kano. Malamin da ke alƙalanci ya ja mana kunne mu iyaye, duk wanda ya sa baki an soke tambayar 'yarsa. Sai ya rubuta dubu goma da bakwai, ya ce 'yar tawa ta faɗi halin lambar.

Yarinyar ta ce mara ce, ba cika ba. Wannan na gane, muna yara mun yi cika ko mara da gyaɗa. Ta ɗauki alli ta cika allo da gwaji. Can ta juyo ta ce lambar nan ba ta rabuwa, sai da ɗaya ko da kanta.

'Yar da ta girma a bakin tabarmar rabona ta ce abu ba ya rabuwa? Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Tana rabuwa mana, Malam. A kasa biyu, ɗayan da ya yi saura na mai rabo ne."

Wurin ya kece da dariya, har da masu gadi. Matar da ke kusa da ni ta ja mayafina tana cewa yau ta ga wadda ta manta kunyar 'yar fari. Malam ya ce amsar yarinya daidai ce, amma doka doka ce, an soke.

Ya rubuta mata wata, dubu goma da ɗaya. Ni a idona tagwaye ne da ta farko. Na cusa bakin mayafi a baki na cije. Ta yi ta gwaji, ta goge, ta sake, sannan ta ajiye allin.

"Wannan tana rabuwa, Malam. Kashi saba'in da uku, kowane kashi ɗari da talatin da bakwai." Ta ɗan kallo inda nake. "Babu na mai rabo."

Ita ta ci gasar, ta je Kano, amma da babanta (ita ta zaɓa, ban ga laifinta ba). Ni dai na koyi cewa akwai lambar da ba ta rabuwa, akwai kuma taron da gara leɓunan mutum su yi koyi da ita, kada su rabu.