Ranar da Na Shiga Ceto Aka Kwashe Ni

Ba zan taɓa mantawa da ranar nan ba, ko da mutanen unguwarmu ta Lokuwa za su yi mini alfarmar mantawa (ba su yi ba). Amma kafin in tona wa kaina asiri, bari in faɗi abin da ke raina: na tsani 'yan kallo. Mutum ya faɗi a titi jini na zuba, ku kewaye shi, kowa ya goya hannu a baya yana "wayyo, sannu". Sannu tana tsayar da jini ne? Haka aka yi wa ƙanena a hanyar Bahuli, aka yi ta kallonsa har ya cika. Ban yafe ba, kuma ba na neman afuwar kowa a kan wannan magana.

Na haura arba'in lokacin da na shiga ajin yaƙi da jahilci. Da la'asar muke zuwa, bayan 'yan firamare sun tashi, mu zauna a bencinsu gwiwa na taɓa haɓa. Mubi ta lokacin kenan, kafin tashin hankali: achaba ko ta ina, ba shingen sojoji, ranar kasuwa sai ka ji harshe biyar kafin ka sayi gishiri. Kusa da ni Rifkatu ke zama, wata siririyar mata mai sayar da tumatir, 'yar zumuntar mata a cocinsu, wadda sai ka kasa kunne kafin ka ji muryarta. Adda take ce mini, don na girme ta.

Wata rana malamarmu ta gayyato wani ma'aikacin agaji ya koya mana yadda ake ɗaure rauni. Da ya gama wata ta tambaye shi ko doka ta tilasta wa mutum ya taimaki wanda ya yi hatsari. Ya ce iya saninsa babu dokar da za ta kama ka don ka wuce, tsakaninka da Allah ne. Nan mata suka ɗauka: ai in ka kai mutum asibiti ya mutu, kai za a riƙe; ai sai an yi ta jan ka ofishin 'yan sanda. Sai na miƙe (bencin ma ya so ya miƙe tare da ni).

"To a kafa dokar! Duk wanda ya tsaya kallo a kulle shi wata shida. A ba ni makullin in riƙe."

Rifkatu ta ja gefen hijabina. "Adda, ba kowa ke iya ganin jini ba fa."

"Haihuwa bakwai na yi, Rifkatu. Wane jini ne ban gani ba?"

Ba a yi mako biyu ba, muna tafe da ita za mu aji, littafi a hannu, na sha farin hijabina na zuwa suna, sai muka tarar da cincirindo a hanyar kasuwa. Achaba ya kwashe wani tsoho ɗan ƙauyen Muchalla da ya kawo gyaɗa, ƙarfe ya tsarge masa ƙwauri, mai achaban kuwa ya ƙara mai. Ga mutane sun fi talatin. Na ce a raina, yau ga ranata.

Na ratsa su da gwiwar hannu ina zazzaga musu. "Matsa, gardi kamar kai! Ubanka ne a kwance za ka tsaya haka?" Na hango wata a-kori-kura tana shirin tashi, na je na tsaya a gabanta.

"Hajiya, ki rufa mini asiri," in ji direban. "Kin san halin 'yan sanda."

"In sun zo ni za a rubuta. Na iya sa hannu yanzu, na daina dangwala yatsa. Juya motar nan!"

Ya juya kuwa. Wannan kaɗai zan iya tinƙaho da shi a duk ranar, shi ya sa na daɗe a kansa.

Na dawo na durƙusa gaban tsohon, na ce, "Baba, kwantar da hankalinka, na yi karatun abin nan." Na ɗaga ƙafar wandonsa. Abin da na gani ba zan bayyana shi ba, don har yanzu in na tuna sai na nemi bango. Na dai san kunnuwana sun yi shuuu, kuma na ji ina cewa "a samo tsumma" da wata murya da ba tawa ba. A lokacin na gane cewa haihuwar nan bakwai duk ido a rufe na yi su, kaza kuwa tun ina yarinya sai maza sun yanka sun wanke wuya ake miƙo mini.

Sauran labarin a bakin Rifkatu na ji. Wai gaba na kife, kai tsaye a kan ƙafar da ta ji ciwo, har tsohon da bai yi kuka ba lokacin da achaba ya buge shi ya ƙwalla ƙara. 'Yan kallon da na gama zagi, sai ga su duk sun zama ma'aikata, amma a kaina. Wannan ya kwara mini ruwa, wancan ya fasa albasa ya tura mini a hanci, wata tana yi mini fifita da littafina. Maza huɗu suka ɗaga ni (Rifkatu ta ce biyar, ban yarda ba). Tsoho na gefe jininsa na tafiya, ba mai waiwayarsa. Rifkatu ce ta cire ɗankwalinta, ta danne raunin, ta ɗaure tamau yadda aka koya mana. Ni aka shimfiɗe a gaban mota. Shi aka jingina a baya da buhunan masara.

A asibiti abin ya ƙarasa lalacewa. Ma'aikatan jinya suka ga ƙatuwar mata a sanƙame, farin hijabi ya rine ja, suka taho da gadon turawa a guje. Na farfaɗo na ji ana lalube ni.

"Mama, ina ne ciwon? Ba mu ga inda jinin ke fita ba."

Sai muryar tsohon daga bayan mota, a gajiye, da irin Hausarsu ta mutanen dutse: "'Yata, jinin nawa ne. Shi wannan mata taimako ya zo."

Na rufe ido na koma kamar ban farfaɗo ba. Ma'aikaciyar ta ce, "Na ga kin buɗe, sauko mana a gadon."

An ɗinke shi, ya rayu. Na ji da kunnena ana cewa ba don ɗaurin nan ba da wani zancen ake yi, aka tambayi wa ya ɗaura, Rifkatu ta sunkuyar da kanta da ba ɗankwali. Ɗan sanda ya zo, ya yi tambaya uku, na sa hannu, ba wanda ya riƙe kowa. Kafin magariba labari ya riga ni gida, 'yan ajinmu har sun jeru a tsakar gidana. "Adda, wanda ya suma shi kuma wata nawa ne?" Rifkatu kaɗai ba ta tsokane ni ba, kuma hakan ya fi yi mini zafi.

Shekaru sun ja. Mun ga lokacin da ko taya ce ta fashe a Mubi ba mai tsayawa, uwa ma sai ta yi nisa take tuna goyonta. Mun kwana a duwatsu, mun dawo, Rifkatu ba ta dawo ba, tana can Yola wajen 'yarta. Wani lokaci har kewar wancan taron nake yi, da wautarsu da albasarsu, mutanen da ba sa tsoron tsayawa kusa da juna. Har yau ina kan bakana cewa taimako wajibi ne, ko gwamnati ta rubuta ko ba ta rubuta ba. Abin da na ƙaru da shi kawai, kafin ki yanke wa jama'a wata shida, ki fara tambayar gwiwoyinki ko suna tare da ke.

Washegarin ranar da na suma ɗin nan, da sassafe, na naɗe tabarma na nufi kwata. Wani dattijon mahauci ya tare ni yana goge hannu. "Hajiya, ai ba mu fara ba, ki dawo an jima ki samu mai kyau."

Na ce ba nama ya kawo ni ba, na zo ne in saba da ganin jini. Na shimfiɗa tabarmata a jikin bango, na zauna daram a ƙasa yadda ba inda zan faɗo, na ce masa, "In kun ga na kife ku ƙyale ni, kada wanda ya ajiye wuƙarsa saboda ni. Ku jawo na farkon."