Ranar da Ƙwallo Ta Daina Yi wa Bucho Biyayya

Duk wanda bai taɓa ganin Kuramochi Tatsuo riƙe da sandar golf ba ya yi asarar kallo, kuma ba ni da yadda zan yi masa. Mutum ne da in ya tsaya a kan ciyawa, ya ware ƙafafu, ya turo ciki gaba, sai ka rantse dominsa aka shuka filin. Bucho ake kiransa, wato shugaban sashe, kuma sashen ba na wasa ba ne. Shi ke sa hannu a kan duk ƙarfe da roba da ƙusar da kamfaninsu na injin wanki zai saya. In ya yi tari a ofis, masu ƙananan masana'antu a garuruwa uku sai sun kwana da zazzaɓi.

Amma shi ba da kujerar yake tinƙaho ba, da hannunsa ne. Kusan kowace Asabar masu sayar wa kamfani kaya sukan aiko mota ta kai shi manyan filayen cikin duwatsu, inda ake rusuna wa mutum tun daga bakin ƙofa, a karɓi jakarsa, a goge masa takalmi. Kuma ku ji ikon Allah, bai taɓa dawowa gida hannu rabbana ba, kullum da kofin nasara.

Ƙwallonsa ma daban take. Ta kowa in ta nufi daji, a daji take kwana. Ta Bucho kuwa ko ta yi dama ta shige cikin itatuwa, in an je sai a tarar da ita a tsakiyar fili, zaune daram a kan lallausar ciyawa. Yawanci wani matashin ma'aikacin masu gayyatar ne ke fara ganinta, don shi ke rugawa gaba yana haki. Sai a hango shi tsaye kusa da ita yana karkaɗe ƙafar wando, yana ɗaga hannu: "Ga ta nan, Bucho! Itace ta daka ta dawo!" Itatuwan ƙasar nan kaf sun san Bucho, suna kuma ganin girmansa. In ƙwallon ta hau dandalin da ramin yake, ko da motar bas za ta iya fakawa tsakaninta da tuta, kafin ya gyara tsayuwa baki uku sun haɗu: "Ya isa, Bucho, ɗauka kawai, wannan ai ta shiga." Haka Sarkin Sanda ya yi furfura bai san wahalar jefa ƙwallo a rami ba.

Sai ritaya ta zo. Aka ba shi furanni, aka yi tafi, aka raka shi har bakin mota. Asabar ta zagayo, ya shirya da sassafe ya zauna a ƙofar gida, ba wanda ya zo. Ya ce masu gayyatar nauyin damunsa suke ji. Abin da ya fi ci masa rai shi ne katin suna. Namiji a nan ba ya gabatar da kansa da fatar baki, kati yake miƙawa da hannu biyu, nasa kuwa yanzu suna ne tsirara, ƙarƙashinsa fari fat. Har taron tsofaffin abokan makaranta ya daina zuwa saboda wannan farin wurin.

Matarsa Fumie ce ta yi subul da baka wajen karin kumallo. Ta ce ƙungiyar dattawan unguwa za ta yi wasanta na kaka a filin bakin kogi, kuma al'adarsu wanda ya zo na ɗaya shi ne shugaba na shekara guda. Fumie ta daɗe tana zuwa filin nan, tun sa'ad da Asabar ɗin mijinta ta zama ta kamfani. Shi dai ya ɗauka cefane take tafiya.

Bucho ya ajiye tsinkayen cin abinci. "Shugaba kika ce?"

"Ba wani abu ba ne, Baban yara. Shi ke kama mana lokaci a filin, ya sayo shayi."

"Shugabanci ba shi da ƙarami. Ni ba don kaina ba, ke ma kin sani. Tausayin mutanen nan nake ji, sun tsufa ba su taɓa ganin golf na gaskiya ba."

Washegari ya biya ta wurin mai buga kati, wai ingancin takarda kawai yake dubawa.

Filin na hukumar gari ne, ramuka tara gajeru da aka shimfiɗa tsakanin kogi da tudun tare ambaliya, gadar jirgin ƙasa ta ratsa ta sama. Ba mai rusuna wa kowa. Inji ne a bakin rumfa, ka zuba masa kuɗi ya tofo maka tikiti. Bucho ya iso da farin wando da farar hula, da jaka kamar an naɗe katifa, kowace sanda a ciki da 'yar hularta ta ulu. Ya dire ta a ƙasa, ya goya hannu a baya yana nazarin gajimare, yana jiran mai ɗauka. Ya sha jira. Daga ƙarshe Nonomura mai aski, wanda aka haɗa su rukuni ɗaya da shi da Fumie, ya turo masa wani keken jaka mai kuka a kowane juyi.

"Kuramochi-san, a nan kowa shi ne jakin kansa."

Kuramochi-san! Wato Malam Kuramochi kawai, ko ƙamshin Bucho babu. Ya haɗiye, ya sa a ransa cewa gyaran harshe ne aikinsa na farko in ya hau mulki. Ta huɗunsu Ebihara ce, tsohuwa mai shagon awara, da sanduna uku a cikin wata siririyar jaka kamar ta lema.

A wurin bugun farko Malamin Malamai ya yi gyaran murya.

"Jama'a, kada kowa ya ji kunya a gabana. Golf ba ƙarfi ba ne, hali ne. Ƙwallo ta san wanda ya buge ta. Ni na saba da filayen da rami ɗaya ya fi nan duka tsawo, saboda haka zan rage hannu, kada in fasa wa jirgin ƙasa gilashi. Ku dai ku lura da ƙuguna."

Suka lura. Ya kaɗa, ya sake kaɗawa, ya zabga. Ƙwallon ta tashi da kyau, a faɗi gaskiya, sannan ta tuna tana da uzuri a dama, ta lanƙwasa ta faɗa cikin dogayen ciyayin bakin kogi. Bucho ya daskare, sanda a kafaɗa, haɓa a sama, yana jiran kirarin da ya saba ji. Jirgi ya wuce ta kan gada da ƙararsa. Ebihara ta ce, "Af."

Ita ta biyo baya. Ba ta ware ƙafa ba, ba ta yi jawabi ba, ta ɗan ƙwanƙwasa tata, ta tafi a miƙe tana gangarawa har kusa da tuta. Bucho ya girgiza kai cikin tausayi, ya ce bugun ba shi da tarbiyya. Sannan ya ja kekensa mai kuka ya nufi tsakiyar fili.

"Ina za ka, Kuramochi-san?" in ji Nonomura. "Can ta faɗa."

"Can ta nufa, ba can ta tsaya ba. Ƙwallona takan dawo. Wani juyi nake sa mata da wuyan hannu, ba abin da ake koya wa mutum a tsaye ba ne."

Ya zagaya tsakiyar filin, ya duba nan, ya duba can, har ƙafa ya ɗaga ya leƙa ƙarƙashin takalmi. Can sai ga muryar mai aski daga cikin ciyawa: "Ga wata nan mai sunanka da ruwan zinari! Ko ita ma ba taka ba ce?"

Bucho bai girgiza ba. Ya waiga hagu da dama, nan take ya gano matsalar: babu itace ko ɗaya a bakin kogin nan. To me ƙwallo za ta daka ta dawo? Ya ce fili ba itace ai ba fili ba ne, kuma zai rubuta wa hukuma.

Ya shiga ciyawa ya yi ta sara kamar mai yankan abincin awaki, har dai ƙwallon ta gaji ta fito. Farin wando ya koma launin shayi. Da ƙyar ta hau dandali ta tsaya nesa kaɗan da rami. Nan ya sunkuya, ya miƙa hannu a kanta, ya dakata a haka.

"Baya ne ya riƙe?" Ebihara ta tambaya.

"Jira nake."

"Jiran me?"

"A manyan wurare, in ƙwallo ta kawo nan, ladabi shi ne a ce ta shiga."

"Ta shiga ina? Ga ta nan, ga rami can. Buga don Allah, na bar wake a jiƙe."

Ya buga, ta wuce. Ya bugo, ta sake wucewa, ta gaida ramin daga nesa. Da ta shiga daga ƙarshe, ƙarar faɗawarta ta ba shi mamaki, don ba sautin da ya saba da shi ba ne.

Haka aka yi ta tafiya. A rami na biyu laifin ciyawar gwamnati ne. A na uku iskar kogi ce marar kunya. A na huɗu ya faɗa ramin yashi, ya yi ta watsa wa kansa ƙasa har cikin kunne, yana bayanin cewa yashin manyan filaye daga teku ake kawo shi a tace. Wasu mata huɗu da ke biye da su suka gaji da tsayuwa, suka shimfiɗa tawul suka zauna, suka buɗe dunƙulen shinkafarsu suna ci suna kallo. Ya ɗauka koyo suke yi, ya ɗaga musu hula.

Amma jawaban suna ta gajarta. A rami na bakwai bugawa kawai ya yi ya wuce, a na takwas ma haka. Tsoro ne ya kama shi, tsoro na gaske. Shugabanci dai ya tafi, wannan ko makaho ya gani, tsakanin mai aski da mai awara ake fafatawa. To in hannun ma ya tafi, me ya rage masa? Ya tuna wani tsohon shugabansu da aka wayi gari yatsunsa sun daina jin magana. Ya matso kusa da matarsa, ya yi ƙasa da murya.

"Ke, gobe ki kira likita. Hannun nan ba nawa ba ne."

Fumie ta dubi hannun. Mutumin nan ya ishe ta tun ranar da ya dawo gida da zama, yana bin ta har kicin yana koya mata yankan albasa, amma ganinsa haka sai zuciyarta ta karye.

Rami na tara yana gindin tudun tare ambaliya, kuma duk rukunonin da suka gama sun jeru a kan tudun da kofunan shayi suna jiran na ƙarshe. Ganin jama'a ya ɗan dawo wa Bucho da jini. Ya gyara hula, ya ce ramin ƙarshe shi ke tona gwani. Ya tattara duk abin da ya rage masa ya zabga. Ƙwallon, baiwar Allah, ba ta canza hali ba. Dama ta yi, ta nutse cikin ciyawa.

Fumie ta ce bari ta yi gaba, kamar ta yar da wani abu. Ta shiga ciyawar da ɗan saurinta, ta waiga, ta kai wa ƙwallon ƙafa, ta kuskure. Ta sake kaiwa, ƙwallon ta ɗan motsa. Sai ta bi ta tana tunkuɗawa da gefen takalmi kamar mai kora ɗan tsako, har ta fito da ita fili. Duk wanda ke kan tudu ya gani, kuma da yake mutanen kirki ne, gaba ɗayansu suka juya suka shiga kallon kogi da matuƙar sha'awa. Nonomura ya sunkuya yana ɗaure igiyar takalmin da take a ɗaure.

Mutum ɗaya ne bai kau da kai ba.

"Fumie!"

Tsawar ta tashi agwagin bakin ruwa. Bucho ya tako, fuska ja wur, ƙirji a gaba. Muryar ofis ta dawo masa cif, har ya ji daɗinta a maƙogwaro.

"Me idona ya gani? Da ƙafa? Ƙwallona? A gaban jama'a? Wannan wasa na masu mutunci ne! Inda ƙwallo ta faɗi, nan ake buga ta, wannan ita ce dokar farko kuma ita ce ta ƙarshe! Jama'a, ku gafarce ta, laifina ne da na bar ta ta koyi wasa a irin wannan wuri. Shekara talatin ina wasa da manyan mutane, da masu masana'antu, da 'ya'yan gidan girma, ban taɓa ganin an taɓa ƙwallo da ƙafa ba. Ko sau ɗaya ban taɓa gani ba!"

Ya tsaya yana huci, ya ɗan saci kallon tudu ko za a tafa.

Fumie ta haɗa hannu a gaba ta rusuna masa sosai.

"Gaskiyarka, Baban yara, ba ka taɓa gani ba. Ka yi haƙuri, ni ce ban iya ba. Yaron nan Yagi na kamfanin roba, wanda yake riga kowa ganin ƙwallonka, matarsa ta ce min da lemo yake gwajin tura ƙwallo da ƙafa a falo duk ranar Juma'a, har ya ƙware yana yi yana kallon sama. Ni yau na fara."

A kan tudu wani ya ƙware da shayi.

Ta sunkuya ta ɗauki ƙwallon da hannu biyu, ta koma cikin ciyawa ta ajiye ta daidai inda ta same ta, ta ɗan danna ta da yatsa don ta zauna da kyau. Sannan ta ja gefe ta ba shi hanya.

"Ga wurinta nan. Dama shekara talatin nan take sauka."