Ban Ce Zan Tashi Ba, An Kawo Mota

Jiya da hantsi ina zaune a ƙofar gida ina ɗaure wayar rediyona da ta tsinke, sai ga wata ƙatuwar motar ɗaukar kaya ta shigo layinmu da baya tana tari, ta tsaya daidai bakin ƙofata. Direba ya leƙo ya tambaya ko nan ne gidan Malam Gyara. Na ce nan ne. Ba shi ne sunan da iyayena suka raɗa mini ba, 'yan unguwa suka liƙa mini shi, don ba na ganin abu a karkace in wuce ban yi magana ba. Ya ce to a fara fito da gado da kujeru, ƙananan kaya su biyo baya.

Na ce, "Kayan wa?"

Ya ce, "Naka mana, Baba. Ai an ce yau za ka tashi."

Mai karatu, bari in koma baya kaɗan, don ka san yadda aka yi mutum mai furfura ya wayi gari ana shirin kwashe shi ba da saninsa ba.

Ƙarshen shekarar nan zan ajiye aiki. Mai kula da sito ne ni a wata ma'aikata. Na tsufa ina gadin siminti da rodin da ba nawa ba, ko ƙusa ban taɓa kawowa gida ba, kuma ba wanda ya taɓa ce mini sannu. Ban yi dogon karatu ba, abin da na sani a jarida da rediyo na tsince shi, amma na iya kallo. Na ga waɗanda suka riga ni ajiye aiki. Na ga mutumin da a da sai an yi sallama a jira kafin a shiga ofishinsa, yanzu yana zaune a kan bulo a ƙofar ofishin fansho, yana fifita da takardunsa. Na ce a raina, wannan fanshon da ke tafe ba za ta riƙe ni a garin nan ba, gara in nemi inda rayuwa ke da sauƙi tun ƙafafuna suna ɗaukata.

Ana haka sai na ji wani Mai Girma Gatan Tsofaffi na wata jiha a rediyo, yana cewa duk wanda ya yi ritaya ya taho wajensu. Gida araha, abinci araha, har ma an ware wa tsofaffin ma'aikata unguwa guda. Yadda yake zuba, sai ka rantse a can kaji ne ke bin mutum suna roƙon a yanka su. Ƙanen matata yana can yana gyaran babura, sai na ɗauki jakata na tafi in gani da idona, don ni ba na sayen abu da kunne.

Rabin tafiyar a layin mai muka yi ta, amma wannan ba labari ba ne, kowa ya san shi. Da na isa, surukina ya kai ni wani gida da ake bayarwa haya a layinsu. Gaskiya ɗakuna da faɗi, ga tsakar gida, kuɗin kuma bai kai rabin na nan ba. Zuciyata ta yi fari. Sai na murɗa famfo, ya yi mini fito. Mai gidan ya ce in yi haƙuri, tun da aka kafa shi yake jiran ruwa, kuma an yi alkawari. Na tambayi wuta, ya ce tana zuwa gaisuwa lokaci-lokaci, ba ta dai zama. Na tambayi inda zan riƙa samun maganin hawan jinina, aka nuna mini hanya da hannu, hannun kuma bai sauka da wuri ba.

Unguwar tsofaffin ma na je. Ƙofa ce mai kyau, an shafe ta da fenti, ba katanga a damanta, ba katanga a hagunta, bayanta kuma ciyawa har ƙugu. Mai gadi ya ce duk lokacin da zaɓe ya matso, Masu Girma sukan zo da rumfuna da kujeru da makaɗa su sake buɗe ta. Ban raina musu ba. Ƙofar da ba ta tare komai, a ce har yanzu ana samun abin buɗewa a jikinta, ai wannan basira ce.

Abin da ya ƙarasa kashe mini gwiwa shi ne fanshon kanta. Duk inda ka koma, dole ka riƙa dawowa inda ka yi aiki kana nuna fuskarka, a kalle ka a tabbatar ba ka mutu ba. Waya ba ta isa, hoto bai isa ba, sai kai da kanka, da tarinka. Wato in gudu saboda araha, sannan in riƙa zuba rarar a tankin motar haya ina zuwa ana duba ko ina numfashi. Da na haɗa da ruwan saye da nisan asibiti, sai na ga arahar ta narke tun ban taɓa ta ba.

To a nan ne na yi wautar. Da na dawo, na zauna a bencin mai shayi da safe, lokacin da layin ya cika, na ba da labarin faɗin ɗakuna da sauƙin haya, na yi shiru a kan famfo. Na ce ina tunanin tashi. Ba zan ɓoye muku ba, so nake a roƙe ni. Na zaci kafintan layinmu zai ajiye kofinsa ya ce, Malam, in ka tafi wa zai riƙa gaya mana gaskiya? Har na shirya amsar da zan ba shi, mai ɗan tsawo.

Sai mai shayi ya ƙara mini madara ba tare da na nema ba, abin da bai taɓa yi ba tun da ya kafa teburinsa. Kafinta, wanda na sha yi wa faɗa kan garin katako da yake sharewa cikin kwata, ya ce iskar can tana da kyau ga masu shekaru. Mai faci, da na hana shi ƙure waƙa, ya ce yana da aboki direba. Tela mai janareto ya ce ɗan yayansa yana neman gida irin nawa ido rufe. Ni kuwa na ɗauka duk dauriya ce irin ta maza, suna danne baƙin ciki. Ashe ina barin bencin suka yi karo-karon kuɗin mota.

Shi ne jiya ina tsaye muna ja-in-ja da direba, sai ga su sun fito, baki har kunne, kowa da kwali a hannu. Kafinta ya ce kada in damu da kuɗin mota, an biya, maƙwabtaka ai ta wuce haka. Na juya in kira uwar 'ya'yana ta zo ta ga cin fuska, sai na tarar tana bakin ƙofa tana kallo, ko gezau. Na tambaye ta ko ta san da wannan. Ta ce ta sani, ta ma gaya musu motar ta yi girma, amalanke ya isa, tunda kayan nawa rediyo ne da tsofaffin jaridu da jaka ɗaya. Ita jikokinta suna nan, masu sayen ƙanƙararta suna nan, ba inda za ta.

Raina ya ɓaci. Na ce tunda haka ne zan tafi ɗin, kowa ya huta. A gabansu na ciro waya na kira surukina, na ce ya gaya wa mai gidan nan ya riƙe mini, ina tafe.

Ya ce, "Yaya, wai gidan an kama."

Na ce, "Yaushe? Shekaranjiya ka ce yana nan."

Sai ya rage murya. Ya tambaye ni ko na tuna safiyar da na tara mutanen layinsu na yi musu bayani a kan zubar da shara da barin yara suna yawo ba takalmi. Na ce na tuna, ai alheri na yi musu, baƙo ne ke ganin abin da 'yan gida suka saba da shi. Ya ce haka ne. Amma mai gidan ya ce in dai wannan bawan Allah ne zai shiga, haya ta ninka, kuma maƙwabta sun ce ko ya bar gidan a rufe za su riƙa ganinsa da ɗan wani abu.

Na kashe waya a hankali. Na dubi jama'a na ce na sake shawara, ba zan iya barin su cikin wannan hali ba, akwai sauran gyara a layin nan. Kafinta ya ajiye kwalinsa kamar wanda aka yi wa rasuwa.

Don haka, 'yan'uwana masu shirin ajiye aiki, in za ku auna tsadar wani gari, ku murɗa famfo, ku tambayi asibiti, kada ku yarda da ƙofar da ba katanga. Amma kafin ka tambayi farashin gari, ka ɗan bincika naka farashin a wajen mutane. Ni dai na ji nawa: can ninki biyu ne, nan kuma kyauta ake bayar da ni, har da mota.