Yadda Za Ka Zaɓi Injin Ɗura Kaya da Ya Fi na Surukinka

Bi matakan nan, na yi maka alkawari duk unguwarku sai ta san ka sayi inji. Maƙwabcina Gulzar na birnin Multan, mai sana'ar acar, wato mangwaron da ake tsumawa cikin mai da yaji, ya bi su sau da ƙafa, kuma har gobe zancensa ake yi.

1. Auna injin surukinka

Kada ka wahalar da kanka da auna kayanka ko ɗakinka. Gulzar masana'antar Nawid, yayan matarsa, ya je da sunan gaisuwa. Ya ƙare wa injinsa kallo, ya dawo ko shayin da aka zuba masa bai shanye ba.

2. Zaɓi mai ƙyalli

A kasuwar injuna ta Lahore, dillali zai ce maka, "Yallaɓai, me za a ɗura? Gari ne ko mai ruwa-ruwa?" Tambayar raini ce. Ka amsa kamar Gulzar: "Kai dai nuna min wanda ya fi fitilu." Ya dawo da injin ɗura ganyen shayi, sumul, har da ɗan kiɗa in an kunna.

3. Ƙofa ba hujja ba ce

In bai shiga ba, a fasa bango. In bangon na ɗakin girkin mahaifiyarka ne, bari sai ta tafi biki.

4. Tara jama'a kafin gwaji

Matsoraci ne ke gwada inji a ɓoye. Gulzar ya gayyato liman da Nawid, ya zaunar da su a sahun gaba cikin fararen kaya. Ya juye bokitin acar, ya danna maɓalli. Injin ya yi tari, ya yi tsit, sannan ya feso. Liman ya ɗaga hannu zai shafa addu'a, sai ya shafa mai. Ledoji kuwa suka yi ta fitowa a liƙe tsaf, iska zalla a ciki.

Nawid ya zaro ɓawon mangwaro daga gemunsa, ya ce, "Suruki, ɗebar min ledojin nan, yara su samu na fasawa."

5. In inji ya ƙi kayanka, canza kayan

Azumi ya matso, masu shaguna na jiran kaya. Gulzar ya durƙusa gaban mahaifiyarsa da ta dawo ta tarar da tukwanenta a fili.

"Inna, zamani ya juya. Shayi za mu koma sayarwa."

"Shayi? Kai da ko ruwa ba ka iya tafasawa ba? Gina min bangona tukuna, shashasha!"

Kayan azumi dai sun fita a kan kari. A injin Nawid aka ɗura su, da hoton Nawid a jikin kowace leda yana murmushi.

A kula: shawara kawai na bayar, ban riƙe wa kowa guduma ba. Duk abin da ya biyo baya, tsakaninka ne da iyalinka. In kuma ka haɗu da wata tsohuwa riƙe da ludayi tana cigiyar wanda ya zuga ɗanta, ba ka san ni ba.