Duwatsun Kabarin Baba Rabbi

Ko da zan manta komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na saɓi tsintsiya na tafi yin abin kirki ba. Har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Baba Rabbi muke ce masa. Ɗan ƙabilar Ibo ne, rabbi, wato malamin 'yan tsirarun Yahudawan da ke Anguwan Rukuba a nan Jos. Shi ke ja musu ibada, shi ke koya wa 'ya'yansu karatun addininsu. Amma da yamma barandarsa ta kowa ce. Mu yaran Tina Junction, Musulmi da Kirista, can muke zuwa ya koya mana lissafi da Turanci. Ni ne daƙiƙin ajin (ban taɓa samun abokin takara ba), amma bai taɓa gajiya da ni ba. In lokacin salla ya yi, da kansa yake kora ni masallaci. Yau in na iya auna yadi a shagon ɗinkina, albarkacinsa ne.

Da ya rasu ina Kano sayen kaya, kafin in dawo an binne shi, a nan Jos kamar yadda ya bar wasiyya. Rashin halartar nan ya tsaya mini a rai. Don haka da 'yarsa Chioma ta biyo shago ta ce ranar Lahadi za su taru a kabarinsa don cikarsa shekara, sai na ƙudura zan yi abin da kowa zai yaba.

Na zaɓi Asabar, ranar da mutanensa ke hutun ibada ba sa zuwa ko'ina. Wato na zaɓi ranar da babu mai hana ni. Na tarar da kabarin an shafe shi da siminti, amma samansa cike da ƙananan duwatsu, farare da baƙaƙe, har da wasu masu santsi irin na bakin rafi. Raina ya ɓaci. Na ce dubi yadda 'yan banzan yara suka mai da kabarin mutumin kirki wurin wasa! Na share su tas, na kwashe a buhu, na juye a kan tsibin tsakuwar masu gini a bakin hanya. Na wanke simintin har yana ƙyalli. Na koma gida ina jin kaina.

Ranar Lahadi na sa babbar rigata na tsaya a gaba-gaba. Mutanen ba su da yawa, don galibinsu sun bar garin. Na lura duk wanda ya iso sai ya yi turus ya kalli na kusa da shi. Ni kuwa na ɗauka kyan aikin ne ya ɗaure musu kai.

Sai ga Chioma riƙe da hannun uwarta. Mama Chioma idanunta sun daɗe da mutuwa. Ta durƙusa, ta miƙa hannu tana lalube a kan simintin, daga wannan gefe zuwa wancan. Ta sake lalubawa.

"Chioma, ina duwatsun? Mun ɓata hanya ne?"

Maimakon in kama bakina, sai na matso ina murmushi. "Mama, ni ne tela. Ni na gyara wurin jiya. Duk dattin nan na kwashe shi."

Chioma ce ta daure ta yi magana. "Oga tela, ba datti ba ne. Mu in mun zo gaida kabari, kowa dutse ɗaya yake ajiyewa, shaidar ya zo. Mama ba ta gani. Da hannu take taɓawa ta san ba a manta da Baba ba."

Na ce a ba ni minti kaɗan, na san inda na zuba su. Na ruga bakin hanya da babbar riga, na tarar magina sun riga sun kwaɓa tsakuwar da siminti. Na dawo ina haki, kuma don wautata ba ta ƙare ba, na ce zan kawo baro guda na duwatsu, waɗanda suka fi waɗancan kyau.

Tsohuwar ba ta yi faɗa ba. Da ma ta zage ni. Ta ce, "Ɗana, akwai dutsen ƙanensa a ciki, shi ma ya mutu. Akwai na ɗalibansa da suka tafi, ba za su dawo ba. Wane ne zai kawo nasu?"

Aka yi addu'o'in ina tsaye a baya kamar ɓarawon da aka kama. Kowa ya ajiye dutsensa, 'yan ƙalilan a kan wannan faffaɗan siminti. Ni ma Chioma ta miƙo mini ɗaya, na ajiye.

Bayan 'yan watanni Mama Chioma ta koma garinsu wurin dangi, ba ta sake taka Jos ba. An ce da ma tana da niyya. Ni dai zuciyata ba ta yarda ba.

Abin da na koya shi ne, in alheri ya taso mini yanzu, sai in zauna tukuna in tambayi masu abu. Ina zuwa kabarin lokaci-lokaci in ajiye nawa dutsen. Sun fara taruwa, amma duk na mutum ɗaya ne.