Ranar da na naɗe Malam da bargo

Mu huɗu ne ranar: ni, da maigidana Malam Isuhu, da ɗiyarmu Rabi, da Sani mai taksi, maƙwabcinmu a unguwar Banifandu.

Malam ya daɗe yana aiki a Faransa, daga can kuɗin ritayarsa suke zuwa. Kowace shekara sai ya je biro, wato ofishin masu biyan kuɗin a nan garinmu, an gan shi da ido, an shaida yana raye, in ba haka ba a tsayar da kuɗin. Ni kuwa na ji can Faransa ana ba tsofaffi kuɗin ɗumama ɗaki lokacin sanyi. Na ce ai ƙashin da ya sha sanyinsu yana gidana. Ban yi boko ba, amma ba a cin haƙƙina.

Na sa masa tsohon mantonsa, babbar rigar sanyi mai kauri, na ƙara da bargo da hular ulu, don ma'aikata su ga sanyi da idonsu. Rabi ta ce, "Inna, rana fa ta take." Na harare ta.

Muka yi ta bin layi har azahar. Ana kiran sunansa, Malam ya sulale ƙasa, gumi sharkaf. Ma'aikacin ya leƙo ya ce, "Hajiya, takardar rai kuka zo yi ko ta mutuwa?" Kuɗin ɗumama kuwa, ya ce sai mazauna can Faransa.

Washegari na mai da Malam cikin 'yar shara, aka shaida yana raye. Har yau in zafi ya tsananta, Sani kan leƙo gida: "Hajiya, a kawo bargo?"