Ƙarnin Nama

Ba zan taɓa mantawa da Babbar Sallata ta farko a gidan aure ba, ko da zan so in manta. Wata huɗu ke nan da kawo ni Jega, kuma na riga na tsara ranar kamar yadda nake karantawa a littattafan soyayya: ni da Nasiru mu kaɗai, turaren wuta na tashi, yana ba ni tsoka a baki yana kallon idona. (Nasiru dillalin albasa ne a Aliero. Buhu kawai yake yi wa irin wannan kallon.)

Saura kwana uku Inna ta kira daga Liba.

"Ku taho gida ku yi Sallah. Zan aje miki hanta."

Tun ina ƙarama hantar ragon layya tawa ce. Amma na ce, "Inna, ba ni jin daɗi. Ko ƙarnin nama ba na son ji."

Ta yi shiru, sannan ta ce, "To." Ta kashe.

Wannan "to" ɗin ya hana ni sakat. Ni ce 'yar fari, Inna ba ta ko faɗin sunana saboda kunya, balle ta gaya mini ranta ya ɓaci. Na ɗauki waya na ajiye ya fi sau goma. Ta gane ƙarya nake? Ta yi fushi? Da wa za ta ci hantar? Har tuwo na ƙona ina wannan lissafi.

Ranar Sallah Nasiru ya yi yanka, ya tafi rabon nama, ya dawo ya bi lafiyar gado. Ba tsoka, ba kallo. Washegari na zauna tsakar gida, takaici da damuwa suka sa na rungumi kan rago ina gwagwiya, maiƙo har gwiwar hannu.

Sai na ji babura biyu sun tsaya, aka yi sallama. Gwaggo Hajo ce, ƙanwar Baba, ɗauke da tsamiya, goruba da ƙullin kanwa. Inna na bayanta, kai sunkuye, tana ɓoye murmushi da mayafi.

Gwaggo ta rangaɗa guɗa. "Ina mai laulayin? Duk Liba an ji! Har Karaye na aika!"

Sai idonta ya sauka kan abin da ke hannuna.

"Ke ɗiyar ga, ba ke aka ce ba ki son ƙarni ba? Mi nike gani?"

Ashe shirun Inna ba fushi ba ne. Ta ɗauka jika ke tafe, kunya ta hana ta tambaya. Da kunnen rago a bakina na ce, "Gwaggo, ba komai fa. So na yi mu yi Sallah mu biyu."

"Ku biyu? Ina na biyun?"

Daga ɗaki minsharin Nasiru ya amsa mata.

Na dubi Inna. Murmushin dai ya tafi. Ta kwance bakin zane ta ajiye mini ƙullin leda: hantar ce, soyayya, ko yanka ɗaya ba ta taɓa ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Tun daga nan, in zan ce wa Inna a'a, gaskiya nake faɗa. Kuma duk Sallah tun jajibiri nake Liba, ina cin hanta, Gwaggo na leƙo fuskata tana cewa, "Bana ƙarnin bai dame ki ba?"